Ƙari Biyu a Maƙoshi Ɗaya: Lacca ga Ɗaliban Likitanci

Salamu alaikum. Na baya kuna ji na? Madalla. Abu uku zan kawo, in lokaci ya bar mu.

Na farko. Maƙoshi, bututun da ke kai abinci ciki, tsawonsa kusan santimita 25 ne a babba. Ɗan wurin nan, amma wani lokaci ƙari biyu da ba su haɗa dangi ba su yi zaman haya a cikinsa. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne layomayoma. Daga tsokar bangon maƙoshi yake tsirowa, ba kansa (ciwon daji) ba ne, kuma cikin ƙarin maƙoshi marasa mugunta shi ya fi yawa. To, sai kansa ta fito a fatar da ta lulluɓe shi. A samansa fa! Ka zura na'urar leƙa ciki, ka ga tudu ƙato, ka gutsuro nama, gwaji ya ce kansa. Me za ka ɗauka? Ta ci bango, ta yi nisa. Alhali ƙila a sama kawai take, tudun nan na maƙwabcinta ne. A sama kawai take, ku rubuta. Kai mai hula, waya kake dannawa ko rubutu? Shi ya sa ake duba zurfinta da hoton sauti daga ciki, don wadda ba ta nutse ba ana iya kankare ta ta baki, ba sai an yanke maƙoshi ba. A Japan sun saba fesa ruwan aidin: lafiyayyar fata ta yi duhu, mai cuta ta ƙi karɓar rini.

Na uku... na biyu ne? To. Ƙarin Abrikosof, mai sunan likitan Rasha da ya bayyana shi a 1926: ɗan rawaya, kamar turmin haƙori yana fitowa. Shi ma an same shi tare da kansa. Mu wuce.

Na'am, malama? Ko shayi na jawo kansar maƙoshi? (Dariya) Ba ganyen ba ne, zafin ne. A 2016 hukumar binciken kansa ta duniya ta ce abin sha da ya haura digiri 65 a ma'aunin Celsius akwai yiwuwar yana jawo kansar maƙoshi. Bari mai shayi ya gama shiƙarsa, kada ki azalzale shi. Amma taba da giya sun fi shi laifi. Kai, an kira sallah?