Kyamarar Ɗaukar Tafiyar Babur: Wacce Za Ta Jure Hanyar Ƙauye?

[Hoto: burji da safe, babur na tafe, bidiyon yana rawa sosai]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan abin da kuke kallo ba girgizar ƙasa ba ce. Hanyar garinmu ce a ƙasar Ringim, ni ne a kan Boxer ɗina, kuma da kyamarar farko da na saya na ɗauka. A jikin kwalinta an rubuta 4K da manyan baƙaƙe, wato babban hoto mai fitowa tar. Da na nuna wa kawuna bidiyon, bai yi minti ɗaya yana kallo ba ya miƙo mini wayar ya ce, "Kai yaro, karɓi abinka, jiri yake sa ni." Na ce, "Kawu, ai 4K ce." Ya ce shi bai san wannan ba, shi dai ya san ya bi hanyar nan shekara arba'in bai taɓa ganin bishiyoyin kuka suna rawa ba.

[Hoto: hanya ɗaya, wuri ɗaya, amma bidiyon a natse]

Ga hanyar nan dai, babur ɗin bai canza ba, matuƙin ma ni ne. Kyamara ce ta canza, da inda na ɗaura ta.

Mu fara da rawar hoton, don ita ce rabin zancen. Ku kama kaza da hannu biyu, ku karkata jikinta dama da hagu. Jiki yana motsi, kai yana nan a tsaye cak. Haka kyamara mai kyau take yi. Tana ɗaukar hoto mai faɗi fiye da wanda za ta nuna maka, kuma a cikinta akwai wata ƙaramar na'ura mai jin kowane motsi. In babur ya faɗa rami kyamara ta yi sama, sai ta zame hoton ƙasa daidai gwargwado, ta yanke gefe-gefen ta zubar. Kai da ke kallo sai ka ga kamar a kan kwalta sabuwa ake tafiya. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa. GoPro na Amurka suna kiran nasu HyperSmooth, sun fito da shi a 2018 tare da Hero 7 Black. DJI na ƙasar Sin suna cewa RockSteady. Insta360 kuma FlowState. Don haka in ta hannu za ka saya, kuma GoPro kake so, kada ka sauko ƙasa da Hero 7 Black. Waɗanda suka gabace ta ba su kai ta natsuwa ba, gargadarmu za ta tona musu asiri.

To masu araha fa? Akwai irin su Akaso da SJCAM, wasu samfuransu suna ɗan rage rawar, kuma in a kwalta kake yawanci, misali daga Kano zuwa Wudil ko Dutse, za su fitar da kai kunya. Amma akwai wasu marasa suna, waɗanda ake haɗowa da tarkacen maƙalai guda ashirin a jaka don a ruɗe ka. Irin ta farkon da na saya ke nan. Huɗu-K ɗin nasu na baka ne: ƙaramin hoto suke ɗauka su buɗa shi, kamar a ƙara wa kunu ruwa don ya cika kwano. Araha ba ta ado.

[Hoto: hannun babur yana karkarwa, injin a kunne, babur a tsaye]

Yanzu ku dubi nan. Babur a tsaye yake, ban ko sa giya ba, amma ku ga yadda madubi yake karkarwa. Baburan da muke hawa, Boxer ne, Jincheng ne, Haojue ne, duk injin mai silinda ɗaya ne, kuma irin wannan injin yana da tsuma. Wannan karkarwa daban take da ta rami. Ƙanana ce, mai sauri, kuma kyamara ba ta iya gyara ta sosai. Ita ce take sa ka ga falwayar wuta ta lanƙwashe a bidiyo, ƙasa tana motsi kamar kunun tsamiya a ƙwarya. Duk tsadar kyamararka, in ka ɗaure ta a hannun babur, za ka ga wannan.

Ina za a ɗaura ta ke nan? A jikinka. Gwiwarka da ƙugunka da wuyanka suna shanye jijjigar kafin ta kai ga kyamara. Wuri biyu ne na fi yarda da su. Na farko haɓar hular kwano, wato daidai ƙasan baki, in hularka mai rufe fuska ce. Nan mai kallo zai ga abin da idonka yake gani, da ɗan hannun babur a ƙasa. Na biyu ƙirji, da ɗamara irin wadda ake sayarwa don haka. Ta ƙirji tana da daɗi in kana so a ga hannuwanka da agogon gudu, sai dai in kana duƙawa za ta yi ta ɗaukar tankin mai, sai ka ɗan ɗaga ta sama. A saman hula kuwa, iska tana jan wuya, kuma reshen ƙaya ɗaya a hanyar gona ya isa ya fizge ta.

Na san wani zai ce, "Malam, mu a nan wa yake sa hular kwano?" Gaskiya ne, da yawa ba ma sawa, musamman da zafi. Ni kaina kyamara ce ta sa na saya, abin kunya, ba tsoron faɗuwa ba. Amma tunda na saba, yanzu in na hau babu ita sai in ji kaina a waje. In za ka manna maƙali a jikinta, ka goge wurin tas, ka manna, ka bar shi ya kwana ya wuni kafin ka ɗora kyamara. Kada ka huda hular da ƙusa ko dirila, raunana ta kake yi. Sannan ka ɗaure kyamarar da 'yar igiya a jikin hular ko rigarka. Gam yana saki da zafin bazara, kuma kyamarar da ta faɗi a rairayi kana gudu, sai dai wani mai kiwo ya tsinta bayan sati.

Af, kafin in manta. Masu ɗaure waya a hannun babur don ɗaukar bidiyo, ku yi hattara. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi mutane cewa jijjigar injin babur tana iya lalata kyamarar iPhone, saboda akwai ƙananan sassa masu motsi a cikin idon kyamarar. Wayoyi masu tsada da yawa haka aka ƙera su. Irin su GoPro kuwa da lissafi suke gyara rawar, ba da sassa masu lilo ba, shi ya sa suke jurewa.

[Hoto: hazon hunturu, mota ta wuce ta tayar da ƙura]

Abu na gaba, ƙura. Masu tallan kyamarorin nan da ruwa suke alfahari. GoPro Hero 12 tana nutsewa mita 10 ba tare da an sa ta a gidan kariya ba, DJI Osmo Action 4 tana kai mita 18. Mu ba teku gare mu ba, sai dai damina ta kama ka a hanyar Hadeja ko ka tsallaka fadama. Amma abin da ya hana ruwa shiga shi ne zai hana ƙura shiga, don haka wannan siffa tana da amfani a wurinmu daga Disamba zuwa Fabrairu fiye da watan Agusta.

Sai dai inda ƙura take kashe kyamara ba ciki ba ne, a gilashin gaba ne. Ka tsaya, ka ga ya yi fari, ka kama bakin riga ka goge. Shi ke nan, ka kankare shi da yashi. Sau goma ka yi haka, duk bidiyon da ka ɗauka kana fuskantar rana zai fito da hazo. Ka fara hurawa tukuna, ko ka ɗauraye da ruwa, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi. Kuma tun a shago ka tambaya: gilashin gaban nan yana cirewa? A GoPro daga Hero 9 zuwa sama ana murɗe shi a sa sabo. Hero 8 ba a cire nata, ku lura da wannan in an kawo muku ita da araha. Na DJI Action 4 ma yana fita.

Nan ne nake ja da baya da kyamarori masu ɗaukar ko'ina, irin Insta360 X3 da X4. Abin sha'awa ne, ba ƙarya. Ido biyu gare su, gaba da baya, suna ɗaukar duk kewaye, sai ka dawo gida ka zaɓi ɓangaren da kake so a gani, har sandar da ka ɗora su a kai ba ta fitowa a hoto. Amma idanun nan a kumbure suke a waje kamar na kwaɗo. Faɗuwa ɗaya a kan tsakuwa ta isa. Ga fayil ɗinsu da nauyi, ga aikin tacewa. In sana'arka ce bidiyo, bismilla. In kai dai hanyar kasuwa kake son nuna wa 'yan'uwa, bar ta tukuna.

[Hoto: kyamara a kan benci, rana tsaka, alamar zafi a fuskarta]

Zafi. A watan Afrilu a Jigawa ma'auni yana haura 40, kowa ya sani. Kyamarar nan ƙarama ce, ba fanka a cikinta, iska ce kawai take sanyaya ta. Muddin kana tafiya lafiya lau. Matsalar sai ka tsaya, ka sha ruwa ko ka gaisa da mutane, ka bar ta tana ɗauka a rana. Sai ta kashe kanta. Ba lalacewa ta yi ba, kare kanta take yi. In ka tsaya ka kashe ta, ka kai ta inuwa. Kuma ka sani, gwargwadon girman hoton da ka zaɓa, gwargwadon zafin da za ta yi da batirin da za ta sha.

Wannan ya kawo mu ga 4K ɗin da kowa yake nema. Mu yi lissafi. Kyamara mai kyau in tana ɗaukar 4K a mafi ingancinta, tana rubuta kusan megabit 100 a daƙiƙa. Wato kusan giga 45 a awa ɗaya. Memori mai giga 128 ba zai kai ka awa uku ba. Sannan ka tura wannan zuwa wayarka, wadda wataƙila duka-duka giga 64 gare ta, kuma tana sarƙewa in ta ga irin wannan bidiyo. Ka tace, ka ɗora da datar da ka saya, a ƙauyen da sai ka hau tudu kafin sabis ya kawo. A ƙarshe WhatsApp ya matse shi ya koma kamar na kowa. Ni 1080 nake ɗauka, wanda bai kai 4K girma ba, hoto 60 a daƙiƙa, saboda gudu ya fito sumul. In wurin yana da kyau na musamman, kamar duwatsun Birnin Kudu ko tsuntsayen Baturiya, sai in ɗaga zuwa 2.7K. Batir ya fi daɗewa, kyamara ba ta zafi, waya ba ta kuka.

Memori kuwa, ka nemi mai alamar V30 ko U3 a jikinsa, ma'ana yana iya rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa. Na jabu sun yi yawa. An taɓa sayar mini da wani an rubuta 128, na ɗauki bikin ƙanina tun daga ɗaurin aure har rakiyar amarya da jerin babura, na dawo gida na tarar rabin fayil ɗin ba ya buɗewa. Har yau matarsa tana yi mini gori. In ka sayi sabo, ka cika shi taf da bidiyo tun a gida, ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani, kafin ka ba shi amanar abin da ba a maimaitawa.

Batir, ka sayi kyamarar da ake cire nata, ka haɗa da na biyu. Inda wuta sai an kai caji shago ko an jira sola, wannan ba ado ba ne. Ana iya jona fawabank a aljihu kana tafiya, amma ka tuna ƙofar caji a buɗe take, ƙura ta samu hanya.

Sauti ba sai na ja ba. Da ka wuce gudun keke, iska ce kawai za a ji. Ka sa mata rigar soso da ake sayarwa, ko ka yi maganarka daga baya a ɗaki, kamar yadda nake yi yanzu.

[Hoto: bayan magariba, fitilar babur, hoton ya dusashe]

Ga wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa. Duk natsuwar nan da na nuna muku, da rana ce. Da magariba ta yi, kyamara tana daɗewa da buɗe ido don ta tara haske, sai kowane rami ya bar shafi a hoton. Duka suna da wannan rauni. DJI Action 4 ta 2023 tana da abin karɓar haske mafi girma a kan GoPro Hero 12 ta shekarar, don haka ta fi ta gani da duhu. Ita kuma Hero 12 hotonta ya kusa murabba'i, kana iya yanka shi a tsaye don TikTok ko a kwance don YouTube daga ɗauka ɗaya. Dukansu kusan dala 400 aka fito da su, kuɗinsu a naira kuwa yana bin dala ne, sai ka je ka ji na ranar.

In ka shiga Kano, Farm Centre ko Beirut Road, kada ka tsaya karatun kwali. Ka ce a kunna. Ka riƙe ta ka sauka matakala da sauri, ko ka yi ɗan gudu a bakin shago, ka dawo ka kalla. In ta hannu ce, ka haska gilashin da tocilan ka nemi kankara, ka duba robar ƙofar batir ko ta tsage, ka bar ta tana ɗauka minti goma sha biyar kuna ciniki ka ga ko za ta mutu.

Sannan in ka ɗaura ta a hula, mutane ba su san tana aiki ba. In ka iso rijiya mata suna ɗiban ruwa, ko ƙofar gidan mutane, ko shingen jami'an tsaro, ka kashe. A kasuwa ka yi sallama ka nemi izini. Wani dattijo mai sayar da igiya ya taɓa tare ni ya ce, "Samari, wannan idon na goshinka, ni yake kallo ko hanya?" Na ce, "Baba, hanya ce, amma in ba ka so in goge." Ya gyara zaman hularsa ya ce in ɗauka da kyau.

[Hoto: asuba, ana ɗaura kyamara a haɓar hula, ana ƙulla igiya]

Ranar Alhamis in Allah ya kai mu zan bi ta Gumel in shiga kasuwar Maigatari. Zan ɗaura kyamara biyu, mai tsadar a haɓa, tsohuwar mai 4K ɗin baka a ƙirji, in jera muku su gefe da gefe. Kawu ya ce zai kalla, amma ɓangare ɗaya kawai.