Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ziyararsa Zuwa Gidan Zane-zane na Bassins des Lumières, Bordo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, masu girma hakimai da 'yan majalisar Sarki, iyayenmu da 'yan'uwa, assalamu alaikum.

A madadin Hausawa mazauna birnin Bordo da kewayensa, ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu, ina yi wa Mai Martaba barka da zuwa, tare da godiya da ya amince ya fara ziyararsa daga wannan unguwa ta Bacalan.

Ranka ya daɗe, wannan gini da ke gabanmu sojojin Jamus ne suka sa aka gina shi tsakanin 1941 da 1943, lokacin da suka mamaye Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, domin ya zama maɓoyar jiragensu na yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ke bin kogin Garon su fita Tekun Atlantika su nutsar da jiragen abokan gaba. An zuba masa kankare kusan mita kubik 600,000, aka raba shi rumfuna 11, aka yi masa rufi mai kaurin da bama-baman ƙawancen Amurka da Ingila suka kasa fasawa. Bama-baman da suka kuskure shi a ranar 17 ga Mayu, 1943, kan gidajen talakawan unguwar nan suka sauka, suka hallaka mutane da dama. Leburori kusan 6,500 ne suka yi aikin, kuma da yawansu 'yan gudun hijira ne daga Sifaniya, waɗanda suka tsere wa mulkin kama-karya na Janar Franco suka faɗa aikin tilas a nan. Wasu daga cikinsu a wurin aikin suka rasu.

Da yaƙi ya ƙare, rushe ginin ya gagara saboda ƙarfinsa da tsadar aikin, ya daɗe yana tsaye babu mai sonsa. Daga baya hukumar birni ta soma shirya nune-nune a wani sashensa, sannan a watan Yunin 2020 kamfanin Culturespaces ya buɗe wannan gida a rumfuna huɗu, kowace mai tsawon mita 110, inda aka fara da ayyukan masu zane Gustav Klimt da Paul Klee. Babu allon zane ko ɗaya a rataye a ciki: majigi ne ke haska zanen a jikin bango, ruwan da jiragen suka taɓa kwana a ciki kuma yana mayar da hasken.

Abin da ya fi girma a idonmu, Allah ya taimaki Sarki, shi ne ba a shafe bangon da fenti ba, ba a kuma cike ruwan ba. Duk wanda ya shiga kallon zane sai ya ga tabon kankaren da hannun mutanen da aka zalunta ya zuba, kuma muna ganin haƙƙinsu ne a bar shi haka.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba, kafin mu shiga, ya tsaya tare da mu a gaban dutsen tunawa da 'yan Sifaniyan nan, wanda aka kafa a 2012 kusa da ginin. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya mayar da shi gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe.