Wannan lensin kyamara mai f/1.2 da ke hana ka barci, sau nawa za ka yi aiki da shi?

[Kabad a buɗe, lensi a jere, kyamara na bin su ɗaya bayan ɗaya]

Guda bakwai ne, kar ka wahalar da kanka wajen ƙirgawa. Wancan na ƙarshen mai ƙura a murfi rabona da in ɗaura shi a kyamara har na manta, amma ranar da na saye shi wallahi ji nake kamar in ban same shi ba aikina ya tsaya. Don haka ba wa'azi zan yi wa kowa ba, ni ma majinyaci ne, gadonmu ɗaya a asibitin nan.

Ciwon har suna gare shi a wajen Turawa, GAS suke ce masa, wato jarabar tara kayan aiki, kuma a bakin masu kaɗa gita aka fara jin sunan kafin masu hoto su ɗauka su yafa. Yadda yake kama mutum kuwa kowa ya sani, zan bi da sauri. Ka ga hoton wani ya burge ka, ka duba me ya ɗauka da shi, ka shiga YouTube ka kalli sharhi ɗaya, daga ɗaya sai goma, ƙarfe biyun dare kana zum a kusurwar hoton bangon bulo kana kwatanta lensi biyu da ba ka taɓa riƙe ko ɗaya ba. Ka saya. Sati biyu kana murna. Sati na uku ka ga an fito da sabo.

[Hannu na gungura shafin sayayya, yatsa na tsayawa a kan maɓalli]

Daɗin ma yawanci a jiran yake, tsakanin biya da isowar kwalin. Da ya zo hannu ƙwaƙwalwa ta saba, shi kenan ya zama kaya kawai irin sauran. To wannan duk mun wuce shi. Abin da ya sa na yi bidiyon nan tambaya ɗaya ce da ake ta turo min kwanakin nan tun da aka fara musu a kai, wai ina da 50mm f/1.8, in koma f/1.4 ko in daure in sayi f/1.2 gaba ɗaya, tunda shi ne ya fi kyau. Wannan kalmar ta "ya fi kyau" a nan matsalar take, kuma a nan za mu zauna.

[Kusa sosai: bakin lensi, rubutun 1:1.8 a zagaye]

Lambar nan ba maki ba ce. Mutane na karanta ta kamar sakamakon jarrabawa, wai 1.2 shi ya zo na ɗaya, 1.8 na uku, f/4 kuma ya faɗi. A'a. Lambar na gaya maka abu ɗaya tak, iya faɗin da ƙofar hasken cikin lensin za ta iya buɗewa in ka wangale ta har ƙarshe. Iyaka ce. Kalli nan.

[Ana juya zoben, ƙofar na buɗewa tana tsukewa]

Ka ga waɗannan 'yan fuka-fukan ƙarfen da ke matsewa? Su ne ƙofar. Lissafin ma ba wuya, tsawon lensin, wato 50mm ɗin nan da ke rubuce a jikinsa, za ka raba da lambar. 50 a raba da 1.8, faɗin ƙofar ya kama wajen milimita 28. A raba da 1.4, wajen 36. A raba da 1.2, wajen 42. Shi ya sa ƙaramar lamba take nufin babbar ƙofa, abin da ke rikita duk sabon shiga, ni ma sai da na yi wata guda ina juya shi a baibai.

Yanzu hasken. Duk lokacin da ka taka mataki ɗaya a jerin nan, 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, hasken da ke shiga yana raguwa da rabi. In ka dawo baya kuma yana ninkawa. To 1.8 zuwa 1.4 ko cikakken mataki ɗaya bai kai ba, kashi biyu cikin uku ne na mataki. 1.8 zuwa 1.2 kuwa mataki ɗaya ne da ɗan ɗoriya, hasken ya ninka sau biyu da 'yan kai. A aikace me wannan ke nufi? In kana ɗaki mai duhu kana ISO 1600 da f/1.8 ɗinka, ISO ɗin shi ne lambar da kake ɗagawa in haske ya yi kaɗan, yana hawa hoto na ƙara tsakuwa-tsakuwa, mai f/1.4 zai sauka zuwa 1000, mai f/1.2 wajen 800 ko ƙasa kaɗan. Shi kenan. A kyamarorin yanzu, in na ajiye maka hoton ISO 800 da na 1600 gefe da gefe a waya, ido ba mudu ba ne amma ya san kima, gwada ka gani ko za ka raba su.

[Hotuna biyu gefe da gefe, daƙiƙa biyar, ba magana]

Na hagu ne 1600. Ko na dama. Ni ma sai na duba fayil ɗin.

To ga inda nake so ka ajiye wayar da kake dannawa ka saurare ni. In ka ɗauki lensin 50mm f/1.2 ka sa shi a f/4, ka ɗauki na f/1.8 shi ma ka sa shi a f/4, ƙofarsu ɗaya ce, milimita 12 da rabi kowanne. Haske kusan ɗaya, dishi-dishin baya kusan ɗaya. Wancan faɗin da ka biya kuɗi a kansa yana can a rufe bayan fuka-fukan, kana ɗauke da shi a wuya kawai. Kamar ka gina ƙofar da babbar mota za ta shige amma kullum ta 'yar ƙaramar ƙofar jikinta kake shiga da ƙafa. Ba ka yi asara ba in har motar na zuwa. Tambayar ita ce tana zuwa?

Kuma nauyin ba wasa ba ne fa. Ɗauki Canon, duka biyun na RF, wato lensin kyamarorinta marasa madubi. 50mm f/1.8 giram 160 ne, gilasai shida a ciki. 50mm f/1.2 mai jan zobe giram 950, gilasai goma sha biyar.

[Sikeli. A ɗora na farko, a ɗora na biyu]

Me ya sa gilasan suka yi yawa haka? Saboda hasken da ya bi ta gefen babban gilashi ba ya sauka daidai inda na tsakiya ya sauka, sai hoton ya yi laushi, sai ka ga wani shuɗi-shuɗi ko kore a bakin abu mai ƙyalli. Sauran gilasan aikinsu gyaran wannan ɓarna ne, wasu an yi musu lanƙwasa ta musamman mai wuyar ƙerawa, wasu da gilashi na daban. Nan tsadar take, kuma tsada ce ta gaskiya, ba damfara ba ce. Amma lura, ɓarnar ta gefe ce. Da ka tsuke ƙofa zuwa 5.6 ko 8 ka toshe gefen da kanka, sai tsakiya ta rage, tsakiya kuwa ko a lensi mai araha lafiyarta ƙalau. Shi ya sa a f/8 za ka sha mamakin yadda ɗan ƙaramin nan yake tsayawa kafaɗa da kafaɗa da yayansa.

Wani zai ce to ai ni ba zan tsuke ba, a wangale zan riƙa ɗauka, don bayan ya narke. Madalla. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. 85mm a f/1.2, mutum na tsaye mita biyu daga gare ka, abin da zai fito tas daga gaba zuwa baya wajen santimita huɗu ne. Huɗu. Ido ya fito, kunne ya tafi. In ya ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fito ɗayan ya tafi.

[Fuska a kusa: ido ɗaya tas, ɗayan dishi-dishi]

Ni abin da ya same ni, satin da na sayi 85 ɗina mai f/1.4 aka kira ni wani taro, mutum biyar suka jeru, uku a gaba biyu a baya. Ni kuma sabon ango da lensi, na ƙi tsukewa, ai ban biya kuɗin 1.4 don in yi aiki da 5.6 ba. A ɗan allon bayan kyamara komai zam-zam. Na dawo na buɗe a kwamfuta, na gaba uku kamar ka taɓa su, na baya biyu kamar an ɗauke su ta gilashin banɗaki. Kuma ɗaya daga na bayan shi ne wanda zai biya ni. Tun daga ranar in mutum ya wuce biyu f/4 nake farawa, wato daidai inda tsohon lensina mai araha yake yin aikin ba tare da ya karya min wuya ba.

Kamfanonin sun san muna son ƙaramar lamba, kuma tseren ya daɗe. A shekarun 1960 Zeiss ta yi 50mm f/0.7, guda goma kacal, shida NASA ta ɗauka. Canon ta fito da 50mm f/1.0 a 1989. Nikon a 2019 ta kawo Noct, 58mm f/0.95, kilo biyu cur, kuma da hannu za ka juya fokas, ba ya yi da kansa. Na yarda abin sha'awa ne, in aka ba ni aro ba zan ƙi ba. Amma kilo biyu a gaban kyamara, ka yini da shi, wuyan hannunka zai ba ka labari da daddare.

[Hotunan nan ba ni da su, don haka ga ni a kujera, ku yi haƙuri da fuskata]

Sai kuma jerin lensin zum ukun nan da ake cewa wai sai ka haɗa su ka cika ƙwararre, 16-35, 24-70, 70-200, duka f/2.8. Labarin ɗaya ne. 70-200 f/2.8 irin na da, na kyamara mai madubi, kusan kilo ɗaya da rabi, ɗan'uwansa f/4 kusan rabin haka, bambancin haske mataki ɗaya. Ga shi tun da Sony ta fito da kyamarar a7 marar madubi a 2013, Canon da Nikon suka biyo da sabon bakin ɗaura lensi a 2018, RF da Z, mutane da yawa da suka gama haɗa jerin sun koma farko suna sake haɗawa, alhali da adafta tsofaffin na aiki. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da ake koyar da hotunansa a makarantu, akasarin aikinsa da 50mm ya yi shi a kan kyamarar Leica. Na san, na san, duk mai irin wannan bidiyon sai ya ambace shi, kuma Leica ma ai ba araha ba ce. Na dai faɗa.

Kar a ce na ce lensi mai tsada banza ne. Mai ɗaukar wasan ƙwallo da daddare, mai bin tsuntsu a daji da asuba, mai aiki a zauren da aka hana filasha, wannan mataki ɗayan shi ne tsakanin hoto da kwandon shara, domin saurin shata, 1/500 na daƙiƙa da 1/1000, ba ɗaya ba ne in mutum na gudu. Ga roba da ke hana ƙura da yayyafi shiga, ga fokas mai sauri, ga jiki mai jure bugu, kuma a wangale ya fi mai araha kaifi, wannan ba musu. In aikinka ke nan kullum, saya, kuɗinka zai dawo. Amma in hotonka daga kyamara sai Instagram, inda faɗin 6000 yake komawa wajen 1080, ko WhatsApp ya matse shi ya yi masa laga-laga, wannan kaifin kusurwar da ka kwana kana dubawa a bangon bulo, wa zai gan shi?

[Allon kwamfuta, Lightroom a buɗe]

Ga gwajin da ya fi duk surutuna. Kowane hoto yana ɗauke da bayanansa a ciki, lensin da aka yi amfani da shi, tsawo, ƙofa, ISO. Buɗe hotunanka na shekara guda, wanda ka zaɓa ka tura kawai, ban da tarkacen. Danna nan, tace su da ƙofa. Duba nawa ne ka ɗauka a wangale har ƙarshe kuma ISO ya haura sama, wato inda lensinka ya ce iyakata ke nan. In suna da yawa, to ƙofar ta yi maka kaɗan da gaske. In ka ga sun taru a 2.8 da 4 da 5.6, kamar yadda nawa suka taru a nan, ka gani da idonka, to f/1.8 ɗin ma ba ka ƙure shi ba tukuna. In har yanzu zuciyar ta ƙi kwanciya, ɗauki haya na kwana biyu ka fita da shi yini guda a wuya.

Af, kuma masu kabad irin nawa, ku riƙa fito da su suna shan iska da haske. Lensin da ke zaune a duhu da danshi fumfuna yake yi a ciki, wasu zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe tana cin rufin gilashin, gyara ba ya maido shi. Haska tocila ta baya ka leƙa.

[Tocila ta cikin lensi mai ƙurar nan. Shiru. A matso kusa]

Kai. To wannan ban shirya shi a rubutun ba. Ka ga zaren nan a gefen hagu ko? Bar kyamarar a kai, kar ka yanke. Miƙo min na shidan ma in duba, kuma don Allah in ka zo haɗa bidiyon ka rufe wancan shafin na 135mm da ke buɗe a allona kafin mutane su gani.