Jawabin Maraba ga Gwarzon Ninkaya Cullen Jones Daga Al'ummar Hausawa Mazauna Bronx

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Iyayenmu shugabannin al'umma da limamai, alhazai da hajiyoyi, malaman Islamiyya, matasa maza da mata, da babban baƙonmu na yau, Yallaɓai Cullen Jones, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, lale marhabin, sannu da zuwa. A madadin Hausawan da ke zaune a wannan gunduma ta birnin New York, mutanen Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, da 'yan zangon Nima da Kumasi, kwamitin tarbar baƙi yana yi maka barka da sauka. Mun kira ka baƙo ne don haka al'ada ta tanada, amma kowa a ɗakin nan ya san a Bronx aka yanke maka cibiya a 1984, kafin iyayenka su koma Irvington ta jihar New Jersey. Ka riga yawancinmu shaƙar iskar unguwar nan. Ɗa ne ya zo gida, shi ya sa ba za mu yi maka kara ba.

Kafin mu shiga yabo, bari mu ajiye abin da ke hana mu barci, kada lokaci ya ƙure da maganar a bakinmu. Yallaɓai, 'ya'yanmu ba su iya ruwa ba. Muna neman wurin ninkaya mai rufi wanda za a ware mana na sa'o'i 4 kacal a mako, rani da hunturu, 2 na yara maza, 2 na 'yan mata da iyayensu mata tare da malama mace. Wannan ce buƙatarmu, kuma za mu dawo kanta.

Girmanka ba abin da sai mun kafa hujja a kai ba ne. Daga makarantar St. Benedict da ke Newark ka wuce jami'ar jihar North Carolina, inda a 2006 ka zama zakaran jami'o'in Amurka a tseren yadi 50. A shekarar nan dai, a birnin Victoria na Kanada, ka cinye tseren mita 50, sannan kai da Michael Phelps da Neil Walker da Jason Lezak kuka kafa sabon tarihin duniya a tseren karɓa-karɓa na mutum huɗu, kowa mita 100. Da wannan ka zama baƙar fata na farko ɗan Amurka da sunansa ya hau tarihin duniya na ninkaya a kwami mai tsawon mita 50. Shekara na zagayowa ka dawo daga gasar duniya ta Melbourne da zinare da azurfa.

Ga dattawanmu da ba su saba kallon wasan ba, tseren mita 50 tsawon kwami ɗaya ne tak, daga wannan bango zuwa wancan. Mutum zai kifa ciki yana wurga hannu bi da bi, ba juyowa, ba damar gyara kuskure, wasu ma ko numfashi ba sa ɗauka sai sun dafa bango. Horon shekara huɗu ake zubawa cikin daƙiƙa 21 da ɗoriya. Wanda ya yi jinkirin tashi daga kan dakali, shi ke nan, sai wata shekara huɗun.

Amma daren da ba za mu manta ba shi ne na gasar Olamfik ta Beijin, a watan Agustan 2008. Safiyar Litinin ce a can, nan kuwa daren Lahadi, masu tasi da yawa a cikinmu sun ajiye mota sun tsaya gaban talabijin. Gurbinka a zagayen ƙarshe na tseren karɓa-karɓa da guminka ka same shi, domin tun a zagayen share fage ka fi abokan tafiyarka sauri. Phelps ya fara, Garrett Weber-Gale ya karɓa, kai ne na uku, ka riƙe wuta ba ka bari Faransawa sun ɓace muku ba, sannan Lezak ya bi Alain Bernard ya kamo shi a bakin bango. Minti 3 da daƙiƙa 8.24, sabon tarihin duniya. Tazarar da ke tsakaninku da Faransa daƙiƙa 0.08 ce, ƙiftawar ido ma ta fi ta tsawo. Duniya na ta maganar zinare 8 da Phelps ya kwasa a gasar, mu kuwa mun san ɗaya daga cikinsu da hannun ɗan Bronx a ciki.

A Landan a 2012, kana da shekara 28, ka nuna ba inuwar kowa ka raɓa ba. Kai kaɗai a layinka ka ɗauki azurfa a mita 50 da daƙiƙa 21.54, bayan Florent Manaudou na Faransa, gaban César Cielo na Barazil wanda ke riƙe da kambun tun Beijin. Ka ƙara azurfa da zinare a tseren haɗin gwiwa. Lambobin Olamfik 4 ke nan. Da Simone Manuel, baƙar fata 'yar Amurka, ta ci zinaren mita 100 a Rio a 2016, hanyar da kai da Anthony Ervin da Maritza Correia kuka share ta bi.

Duk da haka, ba lambobin ne suka sa muka nace sai mun gan ka ba. Abin da ya taɓa zuciyar iyaye mata a nan shi ne labarin yaro ɗan shekara 5 da ruwa ya kusa cinyewa a wani wurin wasan ruwa a jihar Pennsylvania, aka tsamo shi ba ya numfashi, sai da aka danna masa ƙirji ya farfaɗo. Da a cikinmu ne, da mun ce daga yau ba kai ba ruwa har abada. Mahaifiyarka ba ta yi haka ba. Ta kama hannunka ta kai ka wurin koyon iyo. Allah ya saka wa baiwar Allah nan da alheri, ka isar mata da gaisuwar hajiyoyinmu. Daga baya kai ma ka zagaya biranen Amurka ƙarƙashin shirin Make a Splash kana shiga ruwa da yaran talakawa kana cire musu tsoro. Wanda ya taɓa shan ruwa ba da son ransa ba ya fi kowa sanin abin da muke faɗa.

Yallaɓai, kada a ɗauka mu jikokin mutanen da ke gudun ruwa ne. A ƙasar Kabi, a garin Argungu, tun 1934 ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada, bikin da ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai don tabbatar da zaman lafiya tsakanin Sakkwato da Kabi. Ranar su, dubban mutane ne ke rugawa cikin kogi lokaci guda, kowa da gorarsa da homarsa, a fito da giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga shi. Kafin ranar akwai kabanci: tseren iyo, tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwar ruwa da hannu. Hukumar UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016. Muna da Sarkin Ruwa tun kafin a haƙa kwamin ninkaya na farko a birnin nan. Sarkawa masunta sun bi kogin Kwara da kwalekwale daga Yawuri har Nijar, 'ya'yansu na iya iyo kusan tare da iya tafiya. Har mu 'yan birni, akwai dattawa zaune a gabanka da suka koyi iyo a kududdufin bayan gari da damina, suka sha bulala a gida, gobe suka koma. A addinance ma malamanmu suna karanta mana abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Mu ne kuma muke cewa iya ruwa fid da kai.

To ina wannan gadon ya tafi? Mun tsallaka teku a jirgin sama mun baro shi a baya. Uba yana bisa sitiyari sa'a 12, uwa tana jinyar tsoffin wasu a gidajensu, yaro daga makarantar boko sai Islamiyya sai bene hawa na shida. Ga shi Bronx ruwa ne ya kusa zagaye ta: kogin Hudson, kogin Harlem, East River, ga bakin ruwan Orchard inda matasa ke tururuwa idan zafi ya tsananta. Yaron da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce ƙugunsa ba zai bi abokai, kunya ta hana shi cewa bai iya ba. Mun taɓa tsayawa sahu a masallaci muna sallatar yaron da ya fita da safe lafiya lau da tawul a kafaɗa. Mahaifiyarsa har yau ba ta son a wuce da ita ta kan gada. Can gida ma ba mu tsira ba. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwalekwale ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu.

Mun kuma gane ciwon nan ba namu ne mu kaɗai ba. 'Yan'uwanmu baƙaƙen fata da muka tarar a ƙasar nan, da gangan aka raba kakanninsu da ruwa. Shekaru da dama ana hana su shiga wuraren ninkaya na jama'a. A watan Yunin 1964, a St. Augustine ta jihar Florida, manajan wani otal ya zuba ruwan guba a kwami don ya kori masu neman 'yanci da suka shiga ciki. Uwar da aka hana koyo ba ta da abin da za ta koya wa ɗanta sai tsoro. Binciken da gidauniyar hukumar ninkaya ta Amurka ta fitar a 2017 ya nuna kashi 64 cikin 100 na yara baƙaƙen fata ba su iya iyo ba, ko iyawarsu kaɗan ce. 'Ya'yanmu a cikin wannan lissafi suke.

Ba zama muka yi muka naɗe hannu ba. Kwamin Crotona yana nan tun 1936, amma shi da ire-irensa na fili ne, ana buɗe su a ƙarshen Yuni a rufe a farkon Satumba, sauran watanni sai dai kallo ta waya. Mun je wani wuri mai rufi, aka gaya mana kuɗin haya, muka lissafa muka ga ya fi ƙarfin asusunmu. Mun rubuta wa wani ofishi takarda har sau uku, amsa ɗaya muke samu, wai ana dubawa. Da muka ambaci sa'o'in mata, wani ma'aikaci ya dube mu kamar mun roƙi abin da ba a taɓa ji ba. Alhali a Williamsburg ta Brooklyn akwai wurin ninkaya na gwamnatin birni da ya daɗe yana ware wa mata lokaci saboda matan Yahudawan unguwar. An yi ce-ce-ku-ce a kai a 2016, aka rage sa'o'in, amma ba a soke ba. Ba ma yi musu baƙin ciki, haƙƙinsu ne. Tambayarmu kawai ita ce, me ya sa 'yarmu mai hijabi za ta zaɓa tsakanin suturarta da ranta?

Shi ya sa muka dawo kan maganarmu ta farko. Ba kuɗin aljihunka muke roƙo ba, ranka ya daɗe. Muryarka muke so. Ƙofar da muka yi shekara muna ƙwanƙwasawa, kai da waya ɗaya za a buɗe maka ita. Ka san masu wuraren ninkaya a makarantu da jami'o'i da cibiyoyin unguwa, ka san gidauniyoyin da ke biya wa yara kuɗin koyo. Ka haɗa mu da su, ka sa hannu a takardarmu, idan hali ya yi ka raka wakilanmu zama ɗaya. Sa'o'i 4 a mako. Mu za mu kawo yaran da motocinmu, iyaye mata za su yi karɓa-karɓar tsaro, limamai sun yarda su yi shela ranar Juma'a, kuma mun riga mun buɗe rajista, sunaye na ta shigowa.

Akwai ƙaramar buƙata da ke bin babbar. Birnin nan ya yi shekaru yana kukan ƙarancin masu ceto a bakin ruwa, har ana rufe wasu sassa da rani, ga shi daga shekara 16 ake ɗauka. Muna da samari da 'yan mata masu ƙarfi da ke neman aikin hutu. Idan aka horar da su, sun sami abin yi, mu kuma mun sami malamai daga cikin gida, musamman malamai mata, waɗanda su ne suka fi wahalar samu. Amma wannan ma ba zai yiwu ba sai da kwami.

Yallaɓai Cullen Jones, mun gode da ka ratso harkokinka ka zauna da mu. Yanzu ɗaya daga cikin dattawanmu zai sa maka babbar riga da hula, tsarabar al'umma. Bayan shi wata yarinya daga Islamiyyarmu za ta miƙa maka takardar buƙatarmu, da sunayen yaran da iyayensu suka rubuta a bayanta. Sunanta ne na farko a jerin, kuma ba ta taɓa shiga ruwa ba. Muna roƙon ka karanta takardar kafin ka bar ɗakin nan, ka gaya mana wanda za mu kira ranar Litinin.

Allah ya ƙara lafiya da ɗaukaka, ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.

Kwamitin Tarbar Baƙi, a madadin al'ummar Hausawa mazauna Bronx