Gizo a ɗakin jarabawar Turanci

SADIYA: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Nura kamar kullum, sannan ga baƙonmu Malam Garba da ke koyar da Turanci a sakandare. Malam sannu da zuwa, ya iyali ya ɗalibai?

MALAM GARBA: Lafiya lau alhamdu lillahi, ɗalibai suna can suna fama da mok, wato jarabawar gwaji, jarabawa ta ƙarato.

SADIYA: To ai shi ya sa muka nemo ka. Maganar rubuta labari ce a takardar Turanci ta WAEC da NECO, na lura yaranmu gudun tambayar nan suke yi, kowa sai ya ruga wajen wasiƙa.

MALAM GARBA: Haka ne, kuma abin yana damuna wallahi. A WAEC tambayoyi ake jero wa yaro ya zaɓi ɗaya, akwai wasiƙa akwai muhawara ko jawabi akwai maƙala, sannan labari, yawanci shi ne na ƙarshe, a ce rubuta labarin da zai nuna gaskiyar wani karin magana, ko wanda zai ƙare da wata jimla da aka ba ka. Kalma 450 ake so, maki 50 ne. Goma na abin da ka faɗa, goma na yadda ka tsara shi, ashirin na yadda ka sarrafa harshe, goma na ƙarshe kuma na kurakurai ne, haruffa da aya da waƙafi da nahawu, duk kuskure ɗaya a cire rabin maki. Kin ga kuskure ashirin ya cinye goman nan ke nan.

NURA: Malam a ajinmu lokacin da muke makaranta kusan labari ɗaya kowa yake rubutawa fa. Ana cikin mota za a je ƙauye hutu, sai 'yan fashi su tare hanya, ko taya ta fashe, sai a ƙarshe mutum ya farka ya ga ashe mafarki ne.

MALAM GARBA: Har gobe shi suke rubutawa Nura! Ka ɗauki takardun aji guda ka karanta, rabi mafarki ne. Kuma sunayen mutanen cikin labarin ma ba na garinsu ba ne, yaro a Gumel ko Funtuwa zai sa maka Jon da Meri suna shan shayi a lambu, saboda a ransa labarin Turanci dole sai ya zama na Turawa. Alhali yaron nan tun yana goye yake jin tatsuniya, ya san yadda ake ɗaure labari sarai, kawai dai ba wanda ya taɓa gaya masa cewa abin da kakarsa take yi da dare shi ne abin da ake tambayarsa a jarabawa.

SADIYA: Ga ta nan ga ta nanku.

NURA: Ta zo mu ji ta.

MALAM GARBA: Yawwa. To ku ɗauki ta Gizo da giwa da dorina. Ana yunwa, gidan Gizo ba ko ƙwaya, Ƙoƙi ta zuba masa ido. Sai ya tafi wajen giwa ya ce sarkin ruwa dorina ta aiko shi a ba ta hatsi, in kaka ta yi za ta biya da doki. Giwa ta bayar. Ya juya ya je bakin kogi ya ce wa dorina sarkin tudu giwa na son kifi, ita ma za ta biya da doki. Ya kwashe duka ya kai gida suka yi ta ci. Ranar biya ta zo, sai ya samo doguwar igiya ya miƙa wa giwa baki ɗaya ya ce ga dokinki nan ki ja amma fa yana da gardama, ya kai wa dorina ɗaya bakin ya faɗa mata haka, su biyu suka wuni suna jan juna kowacce tana mamakin ƙarfin dokin nan. To ku duba abin da ke ciki, akwai mai son wani abu, akwai abin da ya tare masa hanya, akwai dabara, akwai ranar da dabarar za ta iya tonuwa mai sauraro ya riƙe numfashi, sannan warwara. Wannan shi ne makin tsari gaba ɗayansa.

NURA: Amma Malam ni ina da ja a nan. Gizo fa mayaudari ne, maƙaryaci, ga haɗama. Su kuma tambayoyin nan yawanci tarbiyya suke nema, irin su gaskiya dokin ƙarfe, ko abin da ka shuka shi za ka girba. Ya za a yi yaro ya kawo wanda ya ci bashi ya gudu a matsayin gwarzo?

MALAM GARBA: Tambaya mai kyau. Ai ba kullum Gizo yake cin nasara ba. Ka tuna ta hankaki? Da suka ara masa gashinsu ɗaya ɗaya ya tashi sama tare da su zuwa ɓauren da ke tsakiyar ruwa, da aka isa duk ɗan ɓauren da hankaka ya nufa sai ya ce ni na fara gani, har suka fusata kowa ya zare gashinsa suka bar shi a kan bishiya ga ruwa ta ko'ina. In tambaya ta haɗama ce ko butulci, ga ƙashin labarinka nan an gama maka. In kuma ta dabara ce, wato ƙarami ya fi babba hankali, sai ka ɗauko ta igiya. Ga dila ma malamin daji, ga zomo, ga kura da kullum cikinta yake ja mata.

SADIYA: Kuma ba mu kaɗai muke da irinsu ba ai. Mutanen Akan a Gana suna da Ananse, shi ma gizo ne, har cinikin bayi ya tsallaka da labaransa zuwa Jamaika. Yarabawa suna da kunkuru Ijapa.

MALAM GARBA: Larabawa kuma Juha, wanda ya ari tukunyar maƙwabci ya maido ta da 'yar ƙarama a ciki ya ce ta haihu, maƙwabci ya karɓe da murna, da ya sake ara sai ya ce ta rasu, mai tukunya ya ce tukunya tana mutuwa ne, ya ce wadda ta haihu ai za ta mutu. A Indiya akwai Birbal na fadar sarki Akbar, wanda aka ja layi aka ce ya rage tsawonsa ba tare da ya taɓa shi ba, sai ya ja wani da ya fi shi tsawo a gefensa. Ina son na Juha da Birbal don koyar da maganar baki a cikin labari, domin duk daɗin yana cikin amsar ƙarshe, yaro zai ga cewa jimla ɗaya in ta faɗo a inda ya dace ta fi shafi guda na surutu.

SADIYA: To Malam yaro ya rubuta gizo da giwa kai tsaye ke nan a jarabawa?

MALAM GARBA: A'a, ni ba na ba da wannan shawara. Ya ɗauki ƙashin ya sa masa naman mutane, a wurin da ya sani. Nura gwada mana, mayar da ta igiya makarantar kwana.

NURA: To... bari mu gani. Yaro ne ɗan aji ɗaya, ƙanƙani, kullum da asuba yana bin layin famfo ya ɗebo bokiti ɗaya. Akwai siniyoyi biyu, ɗaya kyaftin ɗin ɗaki, ɗayan kuma ɗan ƙwallo ƙato, kowanne in ya riga sai ya ƙwace ruwan, yaro ya tafi aji ba wanka a yi ta masa dariya. Rannan sai ya je wajen kyaftin a ɓoye ya ce siniya daga yau bokitin nan naka ne kai kaɗai, ya je ya faɗa wa ɗan ƙwallo haka. Da safe ya ajiye bokiti a tsakar gida ya koma gefe, su biyu suka iso lokaci ɗaya kowa ya kama hannun bokitin...

SADIYA: Ruwa ya kife a kansu!

NURA: Ya kife, hayaniya ta kai kunnen malamin ɗaki, aka tambayi dalili, asirinsu ya tonu gaban kowa.

MALAM GARBA: Madalla, ka ga wannan ba mai makin da zai yi hamma a kansa. Gyara ɗaya zan yi, kar ka fara da ranar da aka haifi yaron ko yadda babansa ya kawo shi makaranta, yaranmu suna ƙone kalma ɗari biyu a gabatarwa. Fara da hannun siniya a kan bokiti da sanyin asuba, yaro yana rawar ɗari, a ji muryar siniyan yana cewa kawo nan. Sakin layi biyar ko shida sun isa, kuma duk wanda zai yi magana a buɗe masa sabon layi da alamar zance.

SADIYA: Ina ne suka fi zubar da maki in labarin ya yi kyau?

MALAM GARBA: Lokaci, wato tens. Mu a Hausa aikatau ba ya canja siffa don abu ya wuce, ɗan wakilin sunan da ke gabansa ne yake nuna lokaci, ya tafi, zai tafi, yana tafiya. A Turanci kuwa aikatau ɗin kansa ne ke canjawa, to sai yaro ya fara da shuɗaɗɗen lokaci lafiya lau, labari na yin daɗi sai ya manta ya zame zuwa na yanzu, jan biro ya yi ta sauka. Na biyu kuma kalmar sai, sai ya tafi sai ya gani sai ya ce, a bakinmu daɗi gare shi amma in ka juye shi Turanci kalma ɗaya za ka yi ta maimaitawa kuma jimlar ba za ta ƙare ba, makin harshe ya tafi. Shi ya sa nake cewa su bar minti biyar na ƙarshe su bi aikatau ɗaya bayan ɗaya da bakin biro.

NURA: Ƙirga kalmomin fa Malam, ba ya cin lokaci?

MALAM GARBA: Tun a gida za ka san hannunka. In kana sa kalma tara a layi, layi hamsin ya kai ka 450, ba sai ka ƙirga a ɗakin jarabawa ba. Aikin da nake ba ɗalibaina shi ne su je wajen kaka ko goggo su roƙi tatsuniya ɗaya, su ɗauka a waya in da hali, su taƙaita ta a layi uku da Hausa, sannan su mayar da ita ta mutane su rubuta da Turanci, kowane mako guda ɗaya har ranar jarabawa.

SADIYA: Iyaye kun ji, wannan ba ya buƙatar kuɗin lesin. Malam mun gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu dawo kan wasiƙar hukuma.

MALAM GARBA: Amin, ni ma na gode, Allah ya ba yaranmu sa'a.