Tirikulorosilan: ruwan da ba ya shiri da ruwa

Injiniya: Assalamu alaikum. Barkanmu da sake haɗuwa a darasin kiyaye lafiya a wurin aiki. Yau tare nake da Likita, kuma maganarmu a kan tirikulorosilan ce, wanda ma'aikata ke taƙaitawa su ce TCS. Shi ne ake tacewa a fitar da tsantsar silikon da ake yin farantan sola da ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ana haɗa shi ne daga garin silikon da iskar asid ta haidurojin kulorayid, wato HCl, a zafin da ya kai wajen digiri 300. Daga baya a sake fasa shi cikin iskar haidurojin a kan sandunan da aka gasa zuwa kusan digiri 1100, silikon ya kwanta a jikinsu. Sunan wannan hanya tsarin Siemens.

Likita: Wa alaikumus salam, Injiniya. Kafin mu yi nisa, a nuna wa masu kallo kamanninsa, domin nan ne mutum yake fara ruɗuwa.

Injiniya: Ga hotonsa a kwalbar da aka like. Garau yake, ba launi, in ba an gaya maka ba sai ka rantse ruwan sha ne. Amma ya fi ruwa nauyi: lita ɗaya tana kai kilo 1.34. Yana tafasa a digiri 32 kacal, zafin da bai kai na jikin mutum ba ma. Tanki ya sha rana kaɗan, matsin cikinsa ya hau. Tururinsa ya ninka iska nauyi sau huɗu da wani abu, saboda haka ba ya tashi sama, bin ƙasa yake yi, ya gangara kwata, ya taru a rami, ya yi tafiya har ya iske tartsatsi a nesa, wuta ta biyo sawunsa ta dawo gindin tanki. Kuma ko da sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili, yana fitar da tururin da zai kama wuta. Lambarsa ta sufuri UN 1295, ajinsa 4.3, wato mai haɗari in ya jiƙe, sannan an ƙara masa alamar mai kama wuta da ta mai cin jiki. Alama uku a jikin tanki guda.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Da ya taɓa ruwa, nan take yake rabewa, ya ba da zafi, ya saki HCl. Mu yi lissafi. Kilo ɗaya na TCS yana iya sakin kusan giram 800 na HCl, wanda a matsayin iska ya haura lita 500. Lita ɗaya ta zube, ana maganar sama da lita 700 na iskar asid. Ba sai an zuba masa bokiti ba. Laimar da ke cikin iska ta isa. Wannan farin hayaƙin da ake gani yana tashi daga wurin yoyo, ba tururin banza ba ne, ɗigon asid ne da ƙurar silika.

Likita: Kuma jikin ɗan Adam ai laima ne, Injiniya. Hawaye ruwa ne, yawu ruwa ne, gumi ruwa ne, cikin huhu a jiƙe yake dare da rana. Abin da ka ce yana faruwa a kwata, shi ne yake faruwa a saman ido. Sinadarin yana ƙera asid ɗin ne a kan naman mutum, ya haɗa masa da zafi. Ƙuna biyu ke nan a lokaci guda.

Mu ɗauki numfashi tukuna. Hukumar OSHA, mai kula da kiyaye lafiyar ma'aikata a Amurka, ta sa iyakar HCl a iskar wurin aiki a 5 ppm, wato kashi 5 cikin miliyan, kuma iyaka ce da ba a yarda a tsallake ba ko na ɗan lokaci. Hukumar NIOSH, mai binciken lafiyar ma'aikata a can Amurka, ta ce daga 50 ppm rai yana cikin haɗari nan take. A kwatanta wannan da lita 700 ɗin da Injiniya ya lissafa, a ɗaki rufaffe. Farko mutum zai ji yaji a hanci da maƙogwaro, tari, hawaye, ƙirji ya ɗaure. In ya shaƙa da yawa, maƙoshi na iya kumbura har hanyar iska ta ƙuntata. Alamarsa murya ta dushe, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa usur. Wannan ba ya jira, asibiti kai tsaye.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya fito ya sha iska, tari ya lafa, ya ce shi garau yake, a bar shi ya koma bakin aiki. Ruwa na iya taruwa a huhunsa bayan sa'o'i, wani lokaci sai an kwana, ana sa ido har zuwa sa'o'i 48. Motsa jiki yana ƙara tsananta abin. Don haka duk wanda ya shaƙi hayaƙin har ya yi tari mai ƙarfi, a zaunar da shi ya jingina, kada ya yi tafiya da ƙafarsa in da hali, a ba shi iskar oksijin in akwai wanda ya iya, kuma likita ne zai sallame shi, ba shugaban aiki ba. Wasu bayan shaƙa mai tsanani guda ɗaya sukan zauna da ciwo irin na asma tsawon watanni ko shekaru. Masu shaƙar kaɗan-kaɗan kullum kuwa, haƙoransu na gaba sukan zaizaye, ga tarin da ba ya warkewa.

Injiniya: To Likita, ga tambayar da sabbin ma'aikata ke yi kullum. An ce masu kada ruwa ya taɓa shi. In ya fallatsa wa mutum a fata ko a ido fa?

Likita: A wanke da ruwa, mai yawa, ba tare da ɓata daƙiƙa ba. Na san abin yana kama da tufka da warwara, amma ba haka ba ne. Ɗan abin da ya fallatsa ya riga ya sami laima a jiki, ya riga ya fara ci. Ruwa kaɗan ne yake ƙara ɓarna, kamar a goga jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa mai gudu yana tsinka asid ɗin, ya kwashe zafin, ya tafi da su. A shiga ƙarƙashin shawar gaggawa da kayan a jiki, a tuɓe a can ruwa na zuba, har takalmi da agogo da zobe, domin a ƙarƙashinsu asid yake maƙalewa. Rigar da ta jiƙe a yanke ta, kada a cire ta ta kai ta shafi fuska. Ido kuwa a buɗe fatarsa da yatsu, ko mutum yana ƙi, ruwa ya yi ta bi aƙalla minti 15, in an fi haka ya fi, a ci gaba har a kan hanyar asibiti. A duba agogo, domin minti biyu a cikin azaba kamar goma ne. Kada a shafa mai, kada a ce za a kashe asid da soda a jikin mutum, zafi zai ƙaru. In haɗiya aka yi, a kuskure baki, kada a sa shi amai, abin da ya ƙona hanya da shiga zai sake ƙona ta da fita. Mai ceto shi ma ya sa safar hannu, kayan wanda abin ya shafa suna ci gaba da hayaƙi.

Injiniya: Madalla. Jikin mutum ke nan. A kan kududdufin da ya zube kuwa, hukuncin ya juya. Wanda ya sa tiyo a kan TCS da ya malale ya mai da ƙaramin yoyo babban gajimaren asid, ruwan ya tafasa, ya yi tsalle. Inda feshin ruwa yake da amfani shi ne can gefen da iska ke kai hayaƙin, a yi labulen feshi ya kamo HCl daga iska, a kuma tare ruwan da ya sauko domin ya zama asid. Shi kansa kududdufin ana tare shi da busasshen yashi, a rufe shi da kumfa ta musamman mai jure barasa, a zuba ta a hankali ta kwanta a kai. A sani, kumfa ma da ruwa a cikinta, don haka da farko hayaƙi zai ƙaru kafin ya lafa, kuma sai an yi ta ƙarawa domin sinadarin yana cinye ta daga ƙasa. Aikin ƙwararrun 'yan kwana-kwana ne masu tukunyar iska a baya.

Akwai abin da ya raba TCS da ɗan'uwansa silikon tetirakulorayid, mai lamba UN 1818. Shi wancan yana tafasa a wajen digiri 57, yana sakin HCl, yana cin jiki, amma ba ya kama wuta. TCS yana da ƙwayar haidurojin guda manne da silikon, kuma wannan ƙwayar ce fitinar. In ya haɗu da alkali, wato kishiyar asid, kamar kostik soda, sai ta saki ta zama iskar haidurojin, har kusan lita 180 daga kilo ɗaya. Shi ya sa garin kashe gobara mai soda ba abin dogaro ba ne a kansa. Shi ya sa kuma na'urar wanke hayaƙi mai amfani da kostik dole a ba ta hanyar fitar da haidurojin. Duron sharar da aka zuba ragowarsa aka ɗaure murfi tamau, kumbura zai yi.

Kan ajiya ba zan daɗe ba. Komai a bushe. Tanki a cike samansa da busasshen naitirojin, kada iska ta shiga. Ƙarfe na yau da kullum yana riƙe shi lafiya muddin ba laima, da laima ta shiga asid ya fara cin bututun daga ciki. Ba ya ɗaukar lantarki sosai, don haka in yana gudu a bututu gogayya tana tara caji, wanda zai iya ba da tartsatsi. A haɗa tanki da mota ta hanyar waya, a saukar da wayar cikin ƙasa kafin a buɗe bawul, a cika daga ƙasa, kada a bari ya faɗo daga sama yana fantsama. Safar hannu ta likita ba ta tare shi, sai ta roba ta musamman irin su Viton, a kuma duba jadawalin masu ƙera ta. Tabarau mai rufe ido ruf, garkuwar fuska a kai. Takunkumin gwangwani mai tace iska na guduwa ne kawai, ba na shiga yoyo ba.

Ku dubi wannan hoton mahaɗar bututu. Ga farin ɓawo ya taru a gefen gasket, wato abin da ke like tsakanin mahaɗar, kamar gishiri, ga notunan da ke kusa sun yi tsatsa alhali na nesa suna ƙyalli. Yoyo ne. Ɓawon kan toshe ramin na ɗan lokaci, mai wucewa ya ɗauka ya daina. Kada a kankare shi, kada a ɗaure noti bututu na ɗauke da matsi.

Likita: Wannan farin abin shi kansa ba lafiyayye ba ne, ko?

Injiniya: Ko kusa. Nan ne ma gwanaye suke faɗawa, domin ruwan ya tafi, hayaƙi ya ɗauke, kowa ya saki jiki. A cikin na'urorin masana'antar silikon wani maiƙo mai danƙo yana taruwa, dogayen sarƙoƙin kulorosilan, wato sinadaran dangin TCS. In laima ta shige shi sannan ya bushe, yakan zama abin da bugu ko gogayya kaɗai ke tayar da shi. Ranar 9 ga Janairu, 2014, a masana'antar Mitsubishi Materials da ke Yokkaichi a Japan, ma'aikata suna buɗe murfin wata na'urar musayar zafi da aka cire domin wankewa, sai ta fashe. Mutum 5 suka rasu, 13 suka jikkata. Binciken ya nuna cewa maiƙon cikinta ya sha laima, daga baya ya bushe da busasshen naitirojin, kuma bugun buɗe murfin ne ya tayar da shi. Na'urar ba ta ma kan aiki. Saboda haka duk na'urar da ake zargin tana da irin wannan ragowa, ba a buɗe ta sai da rubutaccen tsari: a san abin da ke ciki, a tabbata an gama kashe shi, kada a bar shi ya bushe rabi da rabi, ba guduma, ba kankara da ƙarfe, kuma a rage yawan mutanen da ke tsaye gaban murfi.

Likita: Ni kuma zan ƙara da hanyar fita. A watan Nuwamba na 2020, a masana'antar Wacker da ke Charleston a jihar Tennessee ta Amurka, wata na'ura ta tsage ta saki HCl a saman wani dogon dandamali mai matakala guda ɗaya. Hayaƙi ya tare hanya, ma'aikata uku suka yi ƙoƙarin sauka ta jikin bututu suka faɗo, ɗaya ya rasu. Wanda idonsa ke ƙuna ba ya ganin gabansa, ba ya kuma iya tunani a natse.

Injiniya: Don haka kafin a taɓa bawul, a tsaya a dubi tutar iska. In abu ya faru, a yanka iskar ta gefe tukuna a fita daga hayaƙin, sannan a nufi inda take fitowa, a hau tudu, a guji rami. A taka zuwa shawar gaggawa da ƙafa a ƙirga takun, bai kamata ta wuce tafiyar daƙiƙa 10 ba, a ja hannunta a ga ruwa ya zubo. A darasi na gaba za mu ɗauki yadda ake busar da bututu da naitirojin kafin a saka masa TCS, da yadda ake auna laimar da ta rage. Likita, mun gode.

Likita: Ni ma na gode, Injiniya. Allah ya tsare.