Amsoshin Tambayoyinku: Lambar firam mafi girma da aka sani

Masu sauraro, assalamu alaikum. Tambayarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin sakandare a Zariya. Yana cewa: wace ce lambar firam mafi girma da aka sani, kuma ta yaya aka tabbatar ba ta rabuwa?

To Malam, firam dai ita ce lambar da ta wuce 1 wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta, kamar 2, 3, 5 da 7. Tun zamanin Girkawa masanin lissafi Yuklid ya tabbatar ba su da iyaka, don haka babu ta ƙarshe, sai dai wadda aka kai gare ta.

A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano sabuwa wadda ta zarce duk waɗanda aka sani girma, a ƙarƙashin GIMPS, wani shirin 'yan sa-kai da ke neman manyan lambobin firam da kwamfutocinsu. Ka jera 2 har guda 136,279,841, ka ninka su da juna, ka debe 1. Abin da ya fito yana da alƙaluma 41,024,320, kuma da 1 yake ƙarewa. Irin waɗannan su ake kira firam ɗin Mersenne, da sunan wani limamin Kirista Bafaranshe na ƙarni na 17, kuma wannan ce ta 52 da aka sani.

Sharaɗin dangin shi ne, yawan 2 ɗin da aka jera dole shi ma ya zama firam. Amma hakan kaɗai bai isa ba, nan ɗalibai ke zamewa. Jera 2 guda 11 ka debe 1, ka sami 2047, ita kuwa 23 sau 89 ce. Shi kansa Mersenne ya yi tuntuɓe, a jerinsa na yawan 2 ɗin da ke ba da firam ya sa 67 da 257 ba su cancanta ba, ya bar 61, 89 da 107 da suka cancanta.

Ba a bin lambar da rabawa ɗaya bayan ɗaya, duniya za ta tashi ba a gama ba. Gwajin wasu masana lissafi biyu, Lucas da Lehmer, ake yi. Mu gwada da 31, wato 2 guda 5 a debe 1. Fara da 4. Ninka shi da kansa ka debe 2, ka sami 14. Maimaita da 14, ka sami 194, raba da 31, saura 8. Maimaita da 8, ka sami 62, raba da 31, babu saura. Zagaye uku ke nan, wato 5 a debe 2, kuma tunda an ƙare a sifiri, 31 firam ce. Ga lambar Durant, zagayen ya haura miliyan 136, kuma kuskure ɗaya tak a ƙwaƙwalwar kwamfuta ya ɓata aikin duka. Shi ya sa sai an sake gwajin a wasu na'urori da wasu manhajoji daban kafin a sanar.

Wata mai sauraro daga Damagaram kuma tana tambaya ko da wannan babbar lamba bankuna ke ɓoye sirrin masu ajiya. A'a, Hajiya. Tsarin RSA, wata hanyar kulle bayanai a kwamfuta, yana amfani da firam guda biyu masu ɗaruruwan alƙaluma, waɗanda aka zaɓa a asirce. Ta Mersenne kowa ya san ta, ba ta kulle komai.